Wuri Ɗaya Ya Rage a Maƙabartar Wennock

Wuri ɗaya tak ya rage a maƙabartar cocin Wennock, can jikin katangar arewa, kuma duk wanda aka haifa a ƙauyen ya san na Reuben Gadsby ne. Ba a rubuta ba, ba a sa hannu ba, don ba wanda ya ga dalili. Matarsa Connie tana kwance a gefen wurin shekara goma sha ɗaya ke nan. A wasu garuruwan akan zurfafa kabari a ɗora miji a kan mata, amma ƙasar Wennock ba ta yarda da wannan ba. Ka haƙa ƙafa biyar, ruwa ya taso maka har gwiwa. Saboda haka kowa da raminsa, kuma ramukan sun ƙare.

Ƙanwarsa Hester ta fi kowa sanin yadda aka yi suka ƙare. Shekara talatin da huɗu ta yi tana koyarwa a makarantar ƙauyen, har aka rufe ta don rashin yara. Daga nan ta juya kan tsofaffin littattafan coci masu warin ɓera da danshi, ta bi su layi-layi. Ta san an binne mutum dubu huɗu da ɗoriya a wannan ɗan filin tun 1593. Ta san a ƙidayar 1841 mutum ɗari shida da goma sha biyu ne a Wennock, da maƙera biyu da gidajen giya uku. Yanzu kuwa ɗari da arba'in da uku ne, rabinsu ma sai Juma'a da yamma ake ganin motocinsu, in sun zo hutun ƙarshen mako. Duk ta zuba wannan a wani ɗan littafi mai shafi sittin da ake ajiyewa a bakin ƙofar coci. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa littafin nan shi ne abin alfaharinta.

A makon da likita ya ce ciwon Reuben ya wuce magani, saura makonni, a makon ne aka manna wata farar takarda a ƙofar coci. Hester ta tsaya ta karanta da tabarau, ta cire ta goge, ta sake karantawa. Mista Crispin Vail yana roƙon kotun bishop, shugaban cocin yankin, ta keɓe masa wurin da ke jikin katangar arewa, ya zama nasa in ya mutu. Mai ƙorafi ya rubuto cikin kwana ashirin da takwas.

Shi wannan Vail shekara shida ke nan da ya zo daga Landan ya sayi tsohuwar makarantar, ya mai da ajin da Hester ta koyar da rabin ƙauyen a cikinsa ya zama ɗakin girki. Lafiyarsa ƙalau, har gudu yake yi da safe cikin wani matsattsen wando da bai kamata mutum mai shekara sittin ya sa ba. Mutum irin wannan ne ya zagaya maƙabarta, ya duba, ya zaɓi kabari kamar mai zaɓen kujera a gidan cin abinci.

Ranar Lahadi Hester ta tare su bayan addu'a, shi da Rabaran Imogen Thale, wadda coci shida ke hannunta, kullum makullin mota na tsakanin yatsunta.

"Wurin yayana ne," in ji Hester. Ba ta ko gaishe su ba. "Kowa ya sani. A nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Babu shingen da ke gundumar nan da bai gyara da hannunsa ba."

"Mis Gadsby, ai ke nake ta son gani," in ji Vail, da murmushinsa mai yawan haƙora. "Wallahi na yi baƙin cikin jin rashin lafiyarsa. Da na san ɗan gundumar nan ne, ko kusa ba zan nema ba. Amma lauyana ya ce ba haka ba ne, kuma ke ce ma kika gano. Dakata ki gani."

Ya miƙa hannu kan teburin bakin ƙofa ya ɗauko littafinta. Bai yi lalube ba, ya san shafin. Ya karanta da ƙarfi, har da gyara murya:

"Ƙoramar da muke gani yau ba ita ce iyakar Wennock ba. A 1794 masu gonaki suka karkatar da ruwan, amma iyaka ta tsaya a tsohuwar hanyarsa, wato busasshen kwarin da ke gaban gidan ƙarshe na Layin Rafi. Don haka gidan yana cikin gundumar Stallow, mazaunansa kuma a doka ba mutanen Wennock ba ne, kuma ya kamata a rage mutum biyu daga ƙidayarmu."

Ya rufe littafin yana kaɗa kai. "Aiki ne na ƙwarai. Wannan shafin ne ya fara sa ni ƙaunar garin nan."

Hester ta tuna ranar da ta gano abin, shekara ashirin da suka wuce, a ɗakin ajiye tsofaffin takardu na birni. Ta buɗe taswirar, ta ga jan layin ya bi ta gaban gidan yayanta, ta kusa yin ihu don murna. Ta tuna yadda ta riƙa tsokanarsa da "baƙon Stallow", yadda aka yi wata guda ana saya masa giya a mashaya wai karramawar baƙo, yana dariya har da hawaye. Connie ce kaɗai ta ce, "Hester, dole ne sai kin rubuta?" Ita kuma ta amsa da cewa tarihi ba ya duba zumunci. Da bakinta ta faɗa, tana wani ɗaga hanci.

Rabaran ta ja ta gefe, ta yi ƙasa da murya. Ta ce ƙofa uku ce doka ta buɗe wa mai neman kabari a nan: mutum ya kasance mazaunin gunduma, ko sunansa yana cikin rajistar masu zuwa coci, ko kuma ya mutu a cikin gundumar. Reuben ba mazauni ba ne. Rajista kuwa sai ya yi wata shida yana zuwa, shi da rabonsa da coci tun jana'izar Connie.

"To ki hana mana," in ji Hester. "Ke ce shugabar cocin."

"Ba a hannuna yake ba, Hester. Ki rubuta ƙorafi. Amma gaskiya, Mista Vail yana cikin rajista, kuma shi ya gyara mana rufin nan da muke tsaye a ƙarƙashinsa." Ta duba agogo. "Ki gafarce ni, ana jira na a Stallow."

Hester ta rubuta ƙorafin, shafi huɗu. Amsa ta zo a layi uku: alƙali zai duba takardu ya yanke hukunci ranar Alhamis ta ƙarshen Oktoba. Ta nuna wa maƙwabciyarta Dot Pickering ta kan shinge. Dot ba ta iya rufa-rufa ba tun suna 'yan mata.

"Ke ma kin san Vail za a ba," in ji Dot. "Amma kafin ranar ai wurin ba na kowa ba ne. Wanda ya riga kwanciya shi ke da shi. Ki ɗauko Rube ki kawo shi gidanki mana. In ya cika a wannan gefen kwarin kafin Alhamis ɗin, ko bishop bai isa ya hana ba."

"Tir da bakinki, Dot. Mutum ne fa, ba buhun dankali ba."

"To bar shi can. Su kai shi birni su ƙone, su ba ki toka a gwangwani."

Hester ta juya ta shige gida ta buga ƙofa. Ta tsani maganar, ta tsani Dot, kuma kafin shayinta ya huce ta riga ta fara auna ko gado zai shiga falo.

Gidan Reuben ɗaki biyu ne da bishiyar tuffa a gaban taga. Yana kwance a gadon da Connie ta mutu a kai, ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ya saurare ta har ta gama, idonsa a kan bishiyar.

"Farfesa," in ji shi, sunan da yake kiranta da shi tun fitowar littafin. "Wato ke kika kore ni daga gari da alƙalami, yanzu za ki dawo da ni da keken guragu."

"Ba wasa nake ba, Rube."

"Ni ma haka. Shekara hamsin da biyar ina gidan nan. Ina son in mutu ina kallon abin da na saba kallo. In na tafi ku jefa ni a kwarin ma, mene ne nawa? Ba zan sani ba."

"Wannan mutumin zai kwanta kusa da Connie."

"Zai sha surutu."

Ta san abin da zai karya shi, ta kuma san bai kamata ta taɓa shi ba. Tana wurin a ranar, a bakin wannan gadon, ta ji da kunnenta.

"Ka yi mata alkawari," in ji ta. "Ta ce tana tsoron wurin, da sanyi jikin katangar. Ka ce ta matsa maka kawai, kana nan zuwa."

Fuskarsa ta canja. Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da bai taɓa yi mata ba ko lokacin suna yara suna faɗa.

"Kin iya, Hester," in ji shi. "Kawo keken."

Washegari da hantsi ita da nas ɗin da ke zuwa duba shi suka naɗe shi da bargo biyu suka turo shi. Tafiyar ba ta kai ta minti goma ba. Kwarin da ake ta magana wani ɗan lotsawa ne a hanya, cike da ciyawa mai ƙaiƙayi da wata tsohuwar tayar tarakta. Da ƙafar keken ta faɗa ciki ta fito, Reuben ya ɗaga hannu ɗaya. "Jama'ar Wennock, ga baƙo ya iso," in ji shi. Nas ta yi dariya. Hester ba ta yi ba, domin ta ga labule yana motsi a gida uku, kuma ta san duk wanda ke bayan labulen ya san dalilin wannan tafiya. Saura kwana goma sha tara a yanke hukunci.

Daga ranar gidanta ya zama kasuwa. Mutanen da suka yi shekara ba su taka Layin Rafi ba suka riƙa zuwa da kek da romon kaza. Su shiga falo su ce, "Rube, ka yi kyau fa yau," sannan su biyo ta ɗakin girki su rage murya su ce, "Yaya kika gan shi? Zai kai?" Ba wanda yake nufin zai kai Kirsimeti. Ƙauyen ya rabu biyu, 'yan asali da 'yan Juma'a, kuma 'yan asali sun ɗauki mutuwar Reuben kamar wasan ƙwallon da dole su ci. Wani tsoho da suka yi aikin shinge tare ya riƙe hannunta a bakin ƙofa, idonsa da ƙwalla, ya ce, "Kada ya ba mu kunya." Da ya tafi sai da ta wanke hannun da sabulu.

Abin haushi, sai Reuben ya fara samun sauƙi. Ko canjin wuri ne, ko ɗumin falon, ko tsabar taurin kai, oho. A kwana na biyar ya ce a dafa masa ƙwai. A na bakwai ya ci biyu, ya nemi burodi da man shanu, ya zauna ya saurari wasan ƙwallon kurket a rediyo yana zagin 'yan wasa. Nas ta ce wani lokaci haka ake gani, wasu har su ƙara wata biyu. Ta faɗa da fara'a, ita a ganinta albishir take yi.

Hester tana tsaye gaban murhu da safiyar kwana na tara, ƙwai yana tafasa, sai ta kama kanta tana jin haushin ƙwan. Tunanin ya zo mata sarai, da kalmominsa: wannan cin da yake yi, yaushe zai gama? Ta saki cokalin. Yayanta ne, wanda ya goya ta ya tsallake da ita ƙorama ranar farko da za ta makaranta, wanda ya bar karatu yana ɗan shekara goma sha huɗu don ita ta ci gaba. Ta ɓare ƙwan ta kai masa, ta ƙara man shanu fiye da kullum, ta kasa haɗa ido da shi.

"Kalandar nan taki," in ji shi yana tauna, "da a bayan ƙofa take. Yaushe ta dawo kusa da murhu?"

"Ƙusar ce ta fita."

"Ayya. Ƙusa."

Ranar Asabar Vail ya zo da kansa, da inabi a kwando mai ƙyalli. Hester ta so rufe masa ƙofa, Reuben ya ɗaga murya daga falo ya ce a bar shi ya shigo, yana son ganin magajinsa. Vail ya zauna a bakin kujera, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya ce ba ya son a ɗauke shi mugu. Ya ce gida goma sha ɗaya ya zauna a rayuwarsa, a ƙasa huɗu, iyayensa an ƙone su an watsa tokar a teku, ba shi da ko dutse ɗaya da zai je ya tsaya a gabansa. Ya ce yana so ne kawai ya zama ɗan wani wuri. Daga jikin katangar nan kuma ana hango tudu, da yamma rana tana faɗuwa a kansa.

"Daga ƙasa ba a hango komai," in ji Reuben. "Na taya haƙa rami goma a layin nan. Ka iya iyo?"

"Iyo?"

"Daga Nuwamba zuwa Maris akwatin yawo yake yi. Ka ce su sa maka duwatsu a aljihu."

Vail ya yi 'yar dariyar dole. Hester ta raka shi ƙofa, kuma a can, don ta ji maganarsa ta ɗan taɓa ta, ta sauke kai ta roƙe shi. Ba ta taɓa roƙon kowa ba a garin nan. Ta ce ya janye, ko na wata uku ne.

"Na so ƙwarai," in ji shi, yana ɗaura igiyar hularsa ta keke. "Amma kin ga an riga an shigar da takardu. Mu bar wa alƙali, ko? Hakan ya fi adalci ga kowa." Ya taɓa kafaɗarta. "Ki ba shi inabin, ba shi da ƙwallo."

Ta zuba inabin a kwandon shara har da kwandonsa. Daga baya ta ga asara ce, ta tsince, ta wanke, ta ba Dot.

Sauƙin bai ɗore ba. A mako na uku ƙwai ya koma rabi, rabi ya koma cokali biyu na romo, rediyo yana yi ba ya ko zagi. 'Yan dubiya suka ƙaru, fuskokinsu da wata irin natsuwa mai kama da ta manomi da ya ga hadari a kan lokaci. Hester ta daina buɗe musu. Ta mai da kalandar bayan ƙofa, amma ba ta buƙatarta, kwanakin suna cikin kanta tana tashi da su tana kwanciya da su.

Ranar Talata, saura kwana biyu, aka wayi gari da rana mai kyau, irin wadda Oktoba kan yi sau ɗaya ko biyu. Bayan azahar Reuben ya buɗe ido ya kira ta, ba da Farfesa ba.

"Hester. Kai ni gida."

"Kana gida."

"Gidana. Awa ɗaya. Tuffa sun nuna, ba wanda ya tsinka. In zauna a bakin taga in gani, ki dawo da ni. Ga keken can."

Ta dubi keken, ta dubi shi. Numfashinsa yana fita da wani ƙaramin kurari tun safe, leɓɓansa sun yi shuɗi-shuɗi. Minti goma zuwa, awa ɗaya a can, minti goma dawowa, ga girgizar hanya. In abin ya zo a can fa? Taku ashirin bayan tayar tarakta, duk wahalar nan ta tashi a banza, Vail ya kwanta kusa da Connie.

"Akwai sanyi," in ji ta.

"Rana ake yi."

"Nas ta ce kada a motsa ka."

"Ba ta ce ba. Ina ji lokacin da take magana." Ya huta, ya tara numfashi. "Ba zan mutu a can ba. Na yi miki alkawari. Zan riƙe."

"Bari zuwa Juma'a, Rube. Juma'a zan kai ka, ka wuni ma in kana so."

Ta ji abin da ta faɗa bayan ya fita. Juma'a, wato bayan hukunci, lokacin da mutuwarsa ba ta da sauran amfani ga kowa. Shi ma ya ji. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ɗan gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin da ya riga ya sani.

"To," in ji shi. Ya juya fuska ga bango.

Ta fita da sauri, ta bi Layin Rafi kusan da gudu, ita da gwiwarta mai ciwo. Ta tsinko tuffa cike da aljihun rigar sanyinta, ta karyo reshe guda da ganyensa, ta dawo tana haki. Ta jera su a kan bargonsa, ta sa reshen a kofi a bakin taga. Ta ce, "Ga su, duba, jajaye ne bana." Bai juyo ba. Ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da hancinsa, ya rufe ido. Ranar bai sake magana ba, washegari da safe ma haka, ko da nas ta zo ta gyara masa kwanciya ta tafi.

Laraba da yamma, rana tana kan kafet, Hester tana zaune a gefensa da hannunsa a cikin nata. Tana ta magana ita kaɗai, labarin mahaifiyarsu, da alade da ya taɓa shiga coci ranar bikin girbi, duk abin da ya zo bakinta. Numfashin yana zuwa, ya tsaya, ya dawo. Sai ya tsaya. Ta jira. Bai dawo ba.

Ba ta san lokacin da ta saki hannun ba. Ta dai ga kanta a tsaye a zaure, waya a kunne, idonta a kan agogon bango, muryarta tana fita tsaf kamar tana kiran sunayen 'yan aji.

"Rabaran? Hester Gadsby ce. Reuben ya rasu. Ƙarfe uku da minti ashirin, yau Laraba, a gidana, lamba huɗu, Titin Coci. Cikin Wennock. Ki rubuta lokacin, don Allah. Ki sanar da kotu yau, kafin su tashi."

Rabaran ta ce a hankali, "Ayya, Hester. Sannu. Allah ya ba ki haƙuri. Ya sha wahala? Kina tare da shi?"

"Mun samu ko?" in ji Hester. "Ba za su iya hanawa ba?"

"Ba za su iya ba. Wurin nasa ne."

Wani daɗi ya taso mata tun daga ciki, mai ɗumi, wanda ba ta gayyata ba kuma ta kasa korewa. Ya kai daƙiƙa uku ko huɗu tana jinsa kafin ta gane mene ne. Ta ajiye wayar ba sallama. Ta goge tafin hannunta a jikin siket, ta sake gogewa.

Ta koma falo. Yana nan yadda ta bar shi, hannunsa yana reto a gefen gado inda ta sake shi, bakinsa a ɗan buɗe. Idanunsa ma a buɗe suke, ba wanda ya rufe masa. Ta durƙusa da ƙyar ta ɗaga hannun ta mai da shi kan bargo, har yanzu da ɗuminsa.

"Rube," in ji ta, "tashi in kai ka. Yanzu ma sai mu je."

Dot tana ƙwanƙwasa taga da zobenta, ta kafa fuska a gilashi, tana tambaya da ido ko an dace.